Ramin Bangon Hajiya Hasiya

Hayaniyar ce ta riga mutanen isowa. Insfekta Abdulmumini yana zaune a buronsa, wato ofishinsa, a komisariyar 'yan sanda ta Gazawa da hantsi ya jiyo ta tun daga bakin titi, ya kuma san wannan ba gardamar 'yan tasha ba ce. Kafin ya gama saka hularsa, farfajiya ta cika.

A gaban taron wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura a gemu, ya shaƙe wuyan rigar wani matashi. Insfekta ya san shi. Bubakar maƙeri ne, mai ƙera ƙofofin ƙarfe, kuma shi ne shugaban 'yan sintirin unguwar bayan kasuwa. Matashin kuwa leɓensa ya fashe, takalminsa ɗaya ya ɓace a hanya.

"Ranka ya daɗe, ga ɓarawon nan mun kawo maka," in ji Bubakar. "Yasin ɗan kabu-kabu, mai haya da babur. Shi ya fasa ɗakin Hajiya Hasiya. Ba don na tare ba, da mutane sun gama da shi."

"Sake masa riga," Insfekta ya ce.

Bai ɗaga murya ba, amma Bubakar ya saki. Insfekta ya sa aka shigar da Yasin ciki aka ba shi ruwa, sannan ya juyo ga taron.

"Ina mai kayan?"

Wata dattijuwa ta matso, mayafinta duk ƙurar hanya. Hajiya Hasiya tela ce, kusan rabin matan garin ita ke musu ɗinki. Tun rasuwar mijinta da keken ɗinkinta take riƙe da gida. Ta ce shekaranjiya ta tafi suna Gidan Rumji ita da ɗiyarta, yau da safe suka dawo suka tarar an huda bangon ɗakin ɗinki ta baya.

"Mi aka ɗauka?"

"Keken, da batirin hasken rana, da 'yan kunnen zinari na uwata." Ta gyara mayafinta. "Waɗannan nawa ne, in sun tafi sun tafi. Amma akwai atamfa da shadda na mutane, kayan Sallah. Amana ce, ɗana. Da wane ido zan dubi masu su?"

"Mi ya sa kuka ce Yasin ne?"

Bubakar ya amsa kafin ta buɗe baki. "Shi ya kai su tasha, ya san ba kowa a gidan. Jiya da la'asar kuma yarana sun gan shi da kaya niƙi-niƙi a bayan babur, ya lulluɓe da buhu."

Insfekta ya gyaɗa kai, ya kira Nazira, 'yar sandan da ke aiki tare da shi, suka hau mota.

Ɗakin ɗinkin yana fuskantar titi, da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Insfekta ya fara da ita. Ya duba kubar, ya shafa gefen ƙofar da yatsa. Ko kwarzane babu.

"Da kuka dawo a kulle kuka same ta?"

"Garam," in ji Hajiya. "Ni na buɗe da hannuna."

"Ai ƙofar da na ƙera ba a fasa ta," Bubakar ya ce daga baya. "Shi ya sa ɗan banzan ya bi ta bango."

Insfekta ya hana kowa shiga, sai shi da Nazira. Ramin yana can ƙasan bangon baya, hasken lungu na shigowa ta ciki. Ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. Ya zagaya lungu ya dube shi ta waje, ya dawo.

"Nazira, in kin tsaya a lungu kina haƙar bango, ina ƙasar za ta zuba?"

"A ƙafafuna, a waje."

"To dubi nan."

Ƙasar duk a cikin ɗaki ta taru. Bakin ramin yana da faɗi ta ciki, ya tsuke ta waje. A lungu ba abin da ke akwai sai ɓawon yaɓe da aka turo.

Insfekta ya leƙa waje ya kira Hajiya ita kaɗai, ya tambaye ta inda keken yake tsayawa. Ta nuna daidai bakin ramin. Ya share ƙasar da hannu a hankali, sai ga sawun ƙafafun teburin keke a kan dandamali, ƙasa ta rufe su.

"An janye keken tun kafin a fara haƙa," ya ce da Nazira ƙasa-ƙasa. "Kuma wannan ramin, ko ɗan akuya sai ya yi da gaske zai wuce, balle teburin keke. Wanda ya yi aikin nan ta ƙofa ya shigo, ta ƙofa ya fita. Ramin na idon mutane ne. Kada ki gaya wa kowa tukuna."

Da suka fito, Bubakar ya tare su. "An gane sawunsa, ranka ya daɗe?"

"Ana kan aiki, Malam Bubakar."

A buro, Yasin yana zaune a kan benci yana danna leɓensa da tsumma.

"Jiya ina kake daga hantsi zuwa la'asar?"

"Gona, ranka ya daɗe. Ina yankan wake."

"Ranar kasuwa, ɗan kabu-kabu ya bar fasinja ya tafi yankan wake?"

"Haka ne."

"Miƙo hannunka."

Insfekta ya juya tafin. Ba ƙaiƙayi, ba sawun lauje. Ya sunkuya ya shinshina hannun rigar.

"Wakenku da man fetur ake ban ruwansa?"

Yasin ya sadda kai.

"Saurara da kyau. Mutumin da ya fasa gida ya yi sata, ba hukuncin mai ɗaukar kaza ake masa ba. Shekaru ne a gidan kaso. In ƙaryar da kake yi don ka ɓoye ƙaramin abu ne, to kana sayen babba da shi."

Sai ga hawaye. Yasin ya ce tun da safe ya tafi bakin iyaka ya ɗauko jarkokin mai ta hanyar daji, su ne ya lulluɓe da buhu. Ya faɗi sunan mai sayar da mai a kwalba da ya kai wa. Insfekta ya aika ɗan sanda, ba a jima ba ya dawo ya ce haka ne, jarkokin ma suna nan, mutum uku sun ga sa'ad da aka sauke su.

"Maganar mai tana nan, za mu yi ta daga baya," in ji Insfekta. "Yau dai nan za ka zauna. Ba don na kama ka ba. In ka fita yanzu ba ka isa gida da ƙafarka."

Bayan azahar suka koma unguwar suna bin gida-gida. Kowa amsa ɗaya: jiya kasuwa ta ci, ba wanda ya wuni a gida. Sai a gidan da ke jingine da na Hajiya suka sami Inna Balki, tsohuwa mai ciwon ido, tana zaune a inuwar itacen bedi tana ɓarar gyaɗa.

"Ni ban ga komi ba, ɗiyata," ta ce da Nazira. "Idon nan sai a hankali."

"Kunne fa, Inna?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Kunne kam lahiya lau. Na ji ana bugun bango da rana tsaka. Na ɗaga murya na ce, wa ke nan? Aka ce, gyara ne, Inna. Na ce Allah shi taimaka."

"Muryar yaro ko ta babba?" Insfekta ya tambaya.

"Babba. Ya dai maƙale ta kamar mai mura."

"Kin ji tashin babur?"

"Babur? A'a. Jaki dai na ji, da amalanke. Da za su tafi ƙarfe na ta ƙara, kwaram-kwaram, kamar an ɗora kwanon rufi."

A bakin ƙofa Nazira ta ce, "Da rana tsaka, kuma ya amsa gaisuwa. Wannan ba ya tsoron a gan shi."

"Don ko an gan shi ba za a ce komai ba," in ji Insfekta. "Mutane na jiran ɓarawo ya zo da duhu yana sanɗa. Wanda ya zo da kayan aiki, sannu suke masa."

Suka shiga wurin Hajiya. Tana zaune a tsakar gida, mata biyu masu atamfa sun zo jaje, irin jajen da ke da tambaya a ƙarƙashinsa. Nazira ta ja ta gefe.

"Hajiya, wa da wa suka san za ki yi tahiya?"

"Yasin, da Inna Balki. Sai Malam Bubakar."

"Mi ya sa shi?"

"Ai ƙa'idar unguwa ce. Tun da aka fasa gidan Malam Amadu mai goro bara, ya ce duk mai tahiya ya sanar da shi don 'yan sintiri su sa ido."

"Makullin ɗakin ɗinki fa, nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wuyana, ɗaya wurin ɗiyata. Duka da su muka tahi."

"Ke kika sayo kubar?"

"Ina ni ina sanin kuba? Shi ya ƙera ƙofar, ya kawo ta da kubarta, ya ba ni makullai." Ta tsaya, ta dubi Nazira, ta dubi Insfekta. "A'a. Kada ku ce haka. Mutumin nan shi ya ɗauki gawar mijina."

"Ba mu ce komai ba, Hajiya," in ji Insfekta. "Ara mana makullin na ɗan lokaci."

A layin masu kayan gini, ya ajiye makullin a kan teburin wani mai shago ya ce a ba shi kuba irin wannan. Mai shagon ya ɗauko sabuwa a cikin kwalinta. Insfekta ya sa aka farke ledar a gabansa. Makullai uku suka faɗo, a zobe ɗaya.

"Akwai mai zuwa da biyu?"

"Irin wagga? Ban taɓa gani ba. Uku-uku take zuwa."

"Wa ya fi sayenta?"

"Malam Bubakar. Kwali-kwali yake ɗauka."

Daga nan suka biya rumfar Malam Amadu mai goro. Ya ce shi ma ramin bango aka yi masa sa'ad da ya kai matarsa likita Maraɗi. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, kore, ta Malam Bubakar. Makulli biyu aka ba shi. Ya ƙara da cewa bayan satar, Bubakar ɗin ne ya sayar masa da sandunan ƙarfe na taga, shi da maƙwabtansa duka.

Insfekta ya buga waya, ya yi bayani, ya nemi izinin bincike. Da izinin ya iso, ya ɗauki Nazira da 'yan sanda biyu, ya aika aka kira mai unguwa ya zo ya zama shaida.

Maƙerar tana ƙarshen layin, rumfar kwano ce babba. Ƙofofi a jingine, wasu an yi musu fenti, wasu ba a yi ba. A gefe jaki ne ɗaure kusa da amalanke. Bubakar ya ajiye guduma ya taho da fara'a, ya sa aka kawo kujera.

"Ya amsa laihinsa?"

"Da saura. Jiya da rana ina kake, Malam Bubakar?"

"Kasuwa. Na kai ƙofofi, can na wuni."

"Da amalanken nan?"

"Da shi."

"Ta wace hanya ka bi?"

"Ta babban titi."

"Ba ka biya ta ƙofar Hajiya ba? Ai ta ba ka amanar gidan."

"Sintiri da dare ake yi, ranka ya daɗe. Da rana kowa na neman abincinsa."

"Gaskiya ne. Kubar da ka sa mata, makulli nawa ta zo da su?"

"Biyu."

"Ta Malam Amadu fa?"

"Biyu ita ma. Haka suke zuwa."

Nazira ta miƙa hannu kan teburin aiki, ta ɗauko sabuwar kuba daga cikin kwalin da ke wurin, ta farke ta, ta ɗaga zoben. Makullai uku suna lilo. Mai unguwa ya gyara tsayuwa.

"Wani lokaci ɗaya na ɓacewa," in ji Bubakar. "Yara na wasa da su."

"To bari mu taya ka nema."

Ba su sha wahala ba. A ƙarƙashin tarin guntayen ƙarfe, ɗaya daga cikin 'yan sandan ya jawo tsohon gwangwanin fenti mai murfi. Ya zazzage shi a kan teburin aiki. Makullai ne fal, kowanne an ɗiga masa fenti a kai, wani shuɗi, wani kore, wani ja, kuma an karce wata 'yar alama a jiki.

"Na gyara ne," Bubakar ya ce. "In wani ya yar da nasa, sai in taimake shi."

"Wa ka taɓa taimaka?" mai unguwa ya tambaya. "Ni da nawa ya ɓace, sabuwar kuba ka sayar mini."

Insfekta ya tsince masu shuɗin fenti ya zuba a aljihu. "Taho mu je mu gwada."

Kafin su kai ƙofar Hajiya, labari ya riga su. Waɗanda suka kawo Yasin da safe su ne suka cika titin. Insfekta ya sa aka kulle ƙofar, ya haɗa makullan Hajiya biyu, wanda ya ara da na ɗiyarta, ya miƙa wa mai unguwa ya riƙe a sama kowa na gani. Ya gwada na farko daga aljihunsa, bai shiga ba. Ya gwada na biyu, ya shiga bai juya ba. Na ukun ya juya sau biyu, ƙofar ta buɗe.

Wata mata can baya ta ce, "Innalillahi. Mun ba kura ajiyar nama."

Wasu samari suka yunƙuro. Insfekta ya tsaya a gaban Bubakar.

"Da safe kun fasa bakin wanda bai ji ba bai gani ba. Ya isa. Duk wanda ya ɗaga hannu, tare za su kwana."

Suka ja da baya. Ya shigar da Bubakar cikin ɗakin, shi da mai unguwa da Hajiya.

"Ina kayan?"

Bubakar ya dubi ramin da ke bango, ya daɗe. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Suna rumbuna, a gona. Ban taɓa komi ba. Sai bayan Sallah na so in ƙetare iyaka da su."

"Na Malam Amadu fa?"

"Waɗannan na sayar tuni."

"Gida nawa ka shiga?"

"Huɗu, da wannan."

Ya ci gaba ba a tambaye shi ba. Ya ce na farkon mantuwa ce, makulli ya saura a aljihunsa bayan ya kafa wata ƙofa. Ya yi wata da watanni yana ganinsa. Ranar da mai gidan ya yi tafiya, ya je ya gwada don kawai ya ga ko zai buɗe. Ya buɗe. Bayan satar kuma sai ga mutane na tururuwa a maƙera, kowa na son ƙofar ƙarfe. Daga nan ya fara ware na uku, shi ya kuma kawo shawarar sintiri. Jiya ya jera kayan Hajiya a amalanke, ya ɗora sabuwar ƙofa da kwano a kai, ya wuce ta gaban mutum biyu suka yi masa sannu da aiki.

"Ramin fa?" in ji mai unguwa.

"Don kada a ce ƙofata ce ta ba da hanya." Ya ɗago ya dubi Insfekta. "Amma ranka ya daɗe, ka shaida ban ɓalle ƙofar kowa ba. Buɗewa na yi."

"Makullin da ba naka ba, a gidan da ba a ba ka izini ba, da shi da gatari duk ɗaya ne a wurin doka. Sauran ka gaya wa alƙali."

Sai Hajiya ta matso.

"Bubakar, kaya dai kaya ne. Yaron nan fa? Da sun kashe shi a hanya, da ka je ka yi masa salla?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Kafin magariba motar 'yan sanda ta dawo daga gona da keken, da batirin, da ƙullin atamfa da shadda. 'Yan kunnen suna cikin aljihun teburin keken, a naɗe cikin ƙyalle. Matan da suka zo jaje suka zagaye ƙullin, kowace na nuna tata. Aka kawo Yasin, mai unguwa ya sa waɗanda suka doke shi suka ba shi haƙuri ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Hajiya ta ce ya kawo rigar da aka yaga, ita za ta ɗinka masa sabuwa.

Insfekta ya zube gwangwanin makullan a kan tabarma, ya sa Nazira ta ɗauki hotonsu don shari'a.

"Kowa ya zo ya duba ko akwai na ƙofarsa," ya ce. "Ko akwai ko babu, ku canza kuba. Ku sayo da kanku a cikin ledarta, ku buɗe da hannunku, maƙeri ya kafa kuna tsaye. In za ku yi tafiya, maƙwabcin da kuke bango ɗaya ya isa ya sani. Kuma in kun ga ana gyara a gidan da mai shi ba ya nan, ku buga masa waya. Mai gyaran gaskiya ba zai ji haushi ba."

Mutane suka durƙusa a bakin tabarmar. Mai unguwa ne ya fara tsinto nasa, mai jan fenti. Ya juya shi a tafinsa.

Aka fito da Bubakar da ankwa a hannu. Motar tana can bakin layi, don haka da ƙafa aka taka da shi. Ya roƙi Insfekta a bi da shi ta lungu.

"Ta nan ka bi da Yasin," in ji Insfekta. "Mu je."

Suka bi titin a hankali. Dama da hagu ƙofofinsa ne, kuma a bakin kowace akwai mai gidan a tsaye yana kallonsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya jefe shi. Da suka isa mota, Nazira ta buɗe baya, ya sunkuya ya shiga, ta rufe.